Yadda Za Ka Nemi Gidan Haya Ba Tare da Wayarka Ta Tona Maka Asiri Ba

Kai da aka haifa a unguwar Sheshe, a gidan da kakanka ya gina, kake son sulalewa da iyalinka zuwa haya a wajen gari kafin Gwaggo ta farga, matso kusa. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ko kajin gidanku ba za su ji labari ba.

1. San mai bin sawunka

Sau ɗaya ka tambayi intanet kuɗin ciki da falo, 'yan talla sun riƙe maka. Duk shafin da ka buɗe, ga hoton gida mai tayil. Kuma a wayar nan Gwaggo, wadda ta raine ka, take kallon wa'azi bayan la'asar. Dole ka ji tsoro.

2. Koyi cewa a'a

Idan shafi ya nemi izinin bibiyarka, ƙi amincewa. Na sani, ba a yi maka tarbiyyar gwale baƙo ba, har sannu kake ji kamar ka yi masa. Daure. Wurin dannawar yana can ƙasa, an ƙanƙanta shi don lafiyar idonka.

3. Goge komai

Share tarihin bincikenka, ka kashe tallan da aka ɗinka daidai jikinka. Za su koma nuna maka maganin basir kamar kowa. Wannan shi masana suke kira mutunci.

4. Je wurin dillali da ƙafarka

Hana wayar sanin inda kake, ka nufi Jakara wurin Nata'ala dillali. A hanya ka durƙusa wa dattawan kowane dakali. Za su tambayi ina zuwa, kai kuma ka faɗa, don ba a wuce manya da ƙarya. Dakali dai ba shi da wurin dannawa.

5. Miƙa wa Gwaggo wayar, gabanka gaɗi

Babu talla ko ɗaya. Za ta karɓa, ta gyara zama, ta ce: "Ɗan nan, matar Nata'ala ta ce bene ka gano. Na aika a sake nema mana na ƙasa, ka san gwiwata. Kayana ma na fara ɗaurewa."

Ka ce to.

Gargaɗi: Mai wannan rubutu 'yan talla kawai ya yi alkawarin toshewa. Ƙarin ɗaki, kuɗin motar kwasar tukwanen Gwaggo, da kallon da matarka za ta yi maka, duk babu ruwansa. Kada a neme shi a gida, Gwaggonsa tana barci a falo.