Kalangu Shi Kaɗai a Bikin Yaya Bilki

Ba zan taɓa mantawa ba, rabin jikina a wajen kurkura (Kanawa, adaidaita nake nufi), waya a sama, ina ce ma direba, "Malam rage gudu! Don Allah rage, kiɗa nake ɗauka!" Matar da ke gefena ta riƙe mani riga tana salati, ta ɗauka aljanu ne suka taso mani. Wajen Ƙofar Guga ne, da hantsi. Daga can cikin wani lungu kalangu ke tashi. Ban ga mai kiɗan ba, ban ga taron ba, sautin kawai ke fitowa. Amma wane irin sauti! Ya hau, ya sauko, ya ɗan tsaya kamar mai jan numfashi, ya sake hawa. Na ce a raina, shi ke nan, na samu abin da Yaya Bilki za ta shiga da shi ranar bikinta.

Lokacin ina koyon tsara kiɗa wurin Oga Mannir, mai wani ɗan situdiyo a Ƙofar Marusa. Ba waƙa ba fa, ni in na rera waƙa kajin gidanmu watsewa suke. Aikin shi ne ka zauna ka raba ma kowane abin kiɗa nashi aikin: ina fiyano zai shigo, ina jita za ta ja baya, sarewa ta bi sama ko ta bi ƙasa, wa ke riƙe da gindin kiɗan, wa ke yi mashi ado. Farkon zuwana duk abin da na haɗa sai ya fito kamar tashar mota, kowa na ihu. Wata rana Oga Mannir ya cire abin kunne ya dube ni.

"Kai ɗan nan, waɗannan fa 'yan gida ɗaya ne. In uwa da uba da yara duk suna magana lokaci guda, wa za ka ji? In kana son a ji mutum, sa sauran su yi shiru."

Maganar nan ta zauna mani daram. (Ku riƙe ta, ita ta kai ni ta baro.)

To, da aka sa bikin Yaya Bilki, ita di-je ta so ɗauka kamar kowa. Ni kau na nace, na bi ta ɗaki, na bi ta kicin, na ce ta bar ni in haɗa mata makaɗa na gaske, a kaɗa mata a gabanta, abin da ba a taɓa yi ma wata amarya a layinmu ba. Damuwarta ɗaya ce, dangin mijin. Gidan su Yaya Kabir tsofaffin ma'aikatan gwamnati ne, irin mutanen nan masu magana a hankali, waɗanda ko dariyarsu ba ta da ƙara. Shi kanshi angon mutumin kirki ne, sai dai Allah ya yi mashi jiki. Ƙato ne na gaske, in ya shiga mota sai ka ga ta ɗan russuna tana gaishe shi.

Da ta gaji da nacina sai ta zaunar da ni bakin gado.

"Ka ga auta, shiga ɗaya ce. Daga ƙofar hol zuwa kujera. Ita za a ɗauka a bidiyo, ita 'ya'yana za su gani. Ina son in shiga da aji. In ka kunyata ni gaban dangin Kabir, wallahi ka kwashe kayanka ka koma situdiyon da zama."

Na dafa ƙirji na ce, "Yaya, sai kin yi kuka."

(Ta yi kukan kau. Mu je dai.)

Na tara mutanena. Hamza a fiyano, Bulus da jitarshi, wani abokin Hamza mai sarewa, sai Abba da kalangu. Abba abokina ne tun firamare, ɗan ma'aikacin banki, a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ya koyi kalangu. Hannu gare shi, duk abin da ka kunna mashi zai kwaikwaya tsaf. Na tura mashi abin da na ɗauka a kurkura, da ƙarar inji da salatin matar nan duk a ciki, washegari ya dawo da shi a hammata kamar shi ya haife shi.

A garejin gidan su Abba muke gwaji, kuma nan na san tsara kiɗa a kwamfuta daban, tsara mutane daban. A kwamfuta sarewa ba ta gardama. Ta gaske kau ta ƙi haɗuwa da fiyano, kullum tana ɗan ƙasa da shi, kamar masu gaba. Mai sarewar ya ce shi haka aka huda mashi ita, ba ya da abin murɗawa. Dole Hamza ya sauko da fiyanon gaba ɗaya ya tarar da ita. Bulus kuma duk inda ya ga fili sai ya cika shi da ado, sai da na roƙe shi da girman iyayenshi ya riƙa barin wuri. A hankali abu ya fara zama. Fiyano ya buɗe a sanyaye, jita ta shigo ƙarƙashi tana riƙe tafiya, sarewa ta hau sama tana rera irin hawa da saukar kalangun nan, don kunne ya saba da ita. Sai dabarar da na fi alfahari da ita: da ƙafar ango da amarya ta taka ƙofa, zan sauke hannu, kowa ya ɗauke wuta. Kalangu shi kaɗai zai yi magana har su isa kujera.

Abba ya taɓa tsayawa a tsakiyar gwaji yana sosa ƙeya.

"Kai, kiɗan nan kamar na san shi wani wuri. Kuma ni dai da na fara shi sai in ji yunwa ta taso mani."

Muka yi mashi dariya, muka ce cikinshi ne ba ya da tarbiyya, aka sayo awara aka ci gaba. Oga Mannir kau ban bari ya ji ba. Ɓoye mashi na yi, wai kada ya sace mani fasaha. Ni fa. Ni da ban daɗe da gane inda ake kunna lasifika ba.

Ranar liyafa, bayan la'asar, hol ya cika. Dangin ango a dama cikin fararen kaya, zaune tsaf kamar za a yi masu hoton fasfo. Namu a hagu, ana ta hayaniya ana neman kujera. Hajiya Kaka, mahaifiyar babanmu, a sahun gaba da sandarta. A waje kuma, ƙarƙashin rumfa dab da taga, kawunmu ya ɗauko wani dattijon mahauci, Malam Sada, yana gasa raguna, an ce sai an gama jawabai za a raba. Ni ina gaban makaɗana cikin sabuwar shadda, na ma sa gilashi wanda ba na ciwon ido ba, don dai a san akwai mai ilimi a wurin.

Aka ce ga su nan. Na ɗaga hannu. Fiyano ya shigo, jita ta bi, sarewa ta hau. Wallahi ya yi daɗi, wannan ko maƙiyina zai shaida. Hayaniya ta lafa, wayoyi suka tashi sama. Ƙofa ta buɗe, ga Yaya Bilki kamar a sace, ga Yaya Kabir ya cika babbar riga ya cika ƙofa. Na sauke hannu. Tsit. Abba ya matse kalangu ya saki.

Abin da na fara lura da shi, dattawan ɓangaren ango duk sun ɗago kai lokaci guda. Wani alhaji ya dubi na kusa da shi, ya dubi ango, ya sunkuyar da kai, kafaɗunshi suka fara rawa. Na ce a raina, Allah sarki, kuka yake, kiɗa ya taɓa shi. Na juya na yi ma Abba alama da hannu: ƙara! Ya kau ƙara.

Sai muka ji ihu daga waje.

"Sai ni Sada na gidan fawa! Wa ya kira ni? Ga ni nan tafe!"

Kafin kowa ya gane, Malam Sada ya faɗo ta ƙofar gefe, riga duk maiƙo, wuƙa a hannun dama, cinyar rago a hagu, ido jajur, jiki na tsuma. Ya diro gaban ango da amarya ya fara taka rawa da baya da baya, yana ɗaga cinyar sama, kamar shi aka ɗauko ya yi masu jagora. Masu ɗaukar bidiyo suka bi shi. Daga can baya wata tsohuwa ta ce, "Nama ya fito!" Sai ga mutane sun fara miƙewa da faranti. Abba ya zaro ido yana kallona, hannunshi kuma bai tsaya ba, don ni na ce mashi ko gobara ta tashi kada ya tsaya sai sun zauna.

Hajiya Kaka ta ɗaga sanda ta yafito ni. Na je na durƙusa. Mai gabatarwa, wani shaƙiyyi da Allah zai saka mani a kanshi, ya lallaɓo ya kara mata makirfo a baki.

"Maigida, wa ya ba ka kiɗan nan?"

"Ni na tsara shi, Kaka." (Har da ɗan gyara gilashi.)

"To sannu da aiki. Ka san mi kalangun ke faɗi?"

"Faɗi kuma?"

"Yo kiɗan fawa ne, sakarai. In mahauta sun kada ƙaton sa sun yanka, da shi ake zagaya unguwa a sanar da mutane. Cewa yake an kada babba, mai kitse ne, kowa ya fito da kwano." Ta juya ta ƙare ma Yaya Kabir kallo tun daga hula har takalmi. "Kuma dai ba ka yi ƙarya ba."

Duk wannan ta lasifika ya fita.

Jama'a, na ji kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Na sa fiyano ya yi shiru, na sa jita ta yi shiru, na sa sarewa ta yi shiru, na share fili fes, don duk Katsina ta ji da kyau ana kiran mijin yayata sa. Na saci kallon Yaya Bilki. Ta tsaya cak a tsakiyar hol, ta cikin mayafi idonta na kaina. Irin kallon nan da ke cewa fara haɗa kayanka. Abba ya daina kiɗa. Malam Sada ya tsaya da cinya a sama yana haki, ya dubi hagu ya dubi dama, sai a lokacin ya gane ba kasuwa yake ba.

Yaya Kabir ya miƙa hannu aka ba shi makirfo. Na rufe ido.

"Salamu alaikum. Jama'a, kada a ga laifin yaron nan, kalangu bai yi ƙarya ba. An kada sa." Ya ɗan tsaya. "Tun ranar da na fara zuwa zance gidansu aka kada shi, har yau bai tashi ba. Ga kuma wadda ta kada shi nan tsaye."

Hol ya fashe. Guɗa ta ko'ina. Dangin nan da na ce dariyarsu ba ta da ƙara, ashe ajiye ta suke, ranar suka fito da ita gaba ɗaya. Alhajin nan mai rawar kafaɗa har da bubbuga tebur. Mahaifin ango, dattijon da tun da aka fara neman auren ban ji ya yi magana ta wuce amsa gaisuwa ba, ya miƙe ya saɓa babbar riga a kafaɗa ya nuna Abba.

"Yaro, maimaita mana. Rabona da jin wannan tun ina bin kakata kasuwa."

Abba ya dube ni. Na dubi Yaya Bilki. Mayafin na rawa, ta dafe ciki, hawaye na zuba, kwalliyar da aka wuni ana yi tana gangarowa. Dariya take har ba ta iya tsayuwa, sai da ta riƙe hannun rigar angon. Ta ɗago hannu ɗaya ta yi mani alamar ku ci gaba.

Na ɗaga hannu, kuma wannan karon ban hana kowa magana ba. Hamza ya shigo, Bulus ya samu filin da ya daɗe yana nema ya zuba ado son ranshi, sarewa ta hau kai. Malam Sada a gaba (an dai karɓe wuƙar), ango da amarya a tsakiya, surukai a baya, haka aka raka su har kujera. Jawabai kau ba a yi su ba sai bayan nama, don babu wanda ya yarda ya maida farantinshi.

Da za su tafi, Yaya Bilki ta sa aka kira ni bakin mota. Ta sauke gilashi ta kama kunnena ta murɗa.

"Ka ci sa'a."

Bakina da ba ya jin magana ya ce, "Sa'a ko sa?"

Ta ƙara murɗawa. Amma tana dariya, kuma kayana suna nan a ɗakina har yau.

Abin da na koya dai, fiyano da jita ƙara kawai suke yi, duk ma'anar da ka ɗora masu za su ɗauka. Kalangu kau Hausa yake ji, kuma Bakatsine ne, abin da ke bakinshi shi zai faɗa ko gaban wa. Yanzu ko ƙarar turmi na ɗauka a waya, sai na kai ma wata tsohuwa ta saurara ta tabbatar mani ba zagin kowa ake ba.

Ga inda nake neman shawararku. Yaya Bilki ta sauka, an samu namiji, masha Allah, ƙato kamar ubanshi. Jiya Yaya Kabir ya kira ni ya ce ranar suna lallai in zo da Abba, kuma kiɗan nan dai yake so, kada a canza ko ɗigo. Ban gama ajiye waya ba saƙon Yaya ya shigo, wai in kalangu ya kuskura ya shigo layinsu, da ni da shi za a haɗa a yanka ma jariri.

Don Allah in ku ne ni, wa za ku bi, mai gidan ko mai jegon?