Rasuwar Masinjan Bogi, Wanda Bai Taɓa Kai Saƙo Ba

Da zuciya cike da baƙin ciki har wuya, ma'aikatan sashen manhaja, tun daga manaja har mai dafa shayi, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Masinjan Bogi. Sun yi sanarwar ne a madadin ubangidansa, wanda kowa ke kira Injiniya, don shi har yanzu bakinsa bai buɗu ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba: sashen nan ne ke kula da manhajar wani asibiti, mai aika wa marasa lafiya saƙon waya don tuna musu ranar ganin likita. To ba zai yiwu duk sanda aka zo gwada manhajar a dinga damun bayin Allah da saƙon gwaji ba. Shi ya sa Injiniya, a shekarar da ya fara aiki, tun yana goge takalmi kafin ya zo ofis, ya rubuta wani ɗan fayil da zai tsaya a madadin mai aika saƙon na gaskiya. A ce masa ya aika, ya ce ya aika, gwaji ya fito kore a allo, alamar komai lafiya, kowa ya tafi gida da wuri.

Marigayin mai ladabi ne ƙwarai. Bai taɓa kai saƙo ko ɗaya ba, amma bai taɓa yi wa kowa musu ba. Maganarsa ɗaya ce a duniya: "An kai saƙo." A ba shi lambar da ba ta cika ba, an kai saƙo. A ba shi lambar wayar da ta faɗa kwata tun bara, an kai saƙo. Ranar da intanet ya ɗauke kowa ya naɗe hannu, shi kaɗai ya ci gaba da aiki. Injiniya yana ƙaunarsa ƙaunar ɗan fari, kuma ya sha faɗa cewa da ma'aikata za su yi koyi da shi da an zauna lafiya.

Ciwon ajalin ya soma ne ranar da manaja ya sa aka sabunta ginshiƙin da manhajar ke zaune a kai, wato babbar manhajar da aka gina ta a kanta. Sabon ginshiƙi ya zo da sabon hali: a aika, a jira, sai amsa ta dawo. Marigayin kuwa bai san jira ba, kafin a rufe baki ya amsa. Allo ya yi ja wur, alamar gwaji ya faɗi. Mai gwaji, mace mai ido kamar allura, ta ba da shawara a sallami tsohon a rubuta wani mai halin na gaskiya. Injiniya ya ce ai ba a yar da tsohuwar zuma. Ya duƙufa jinya, faci kan faci, ya koya masa ɗan jinkiri, ya koya masa sabuwar gaisuwa, har kore ya dawo. Ya zagaya ofis yana murmushi, ya tsaya a teburin mai gwaji ya fi na kowa daɗewa.

Abin da bai lura ba, garin ceton masinjan, shi ne manhajar ta gaskiya tana nan tana miƙa saƙo ta tsohuwar ƙofa, ƙofar da sabon ginshiƙi ya toshe. Saƙo ba ya fita, kuma wanda ya kamata ya tona asiri an koya masa shiru.

Inna, mahaifiyar Injiniya, a asibitin nan take ganin likitan hawan jini. Ta daɗe tana cika wa maƙwabta baki cewa ita ba ta riƙe rana a ka, ɗanta ya sa waya tana tuna mata. Ta jira, magani ya ƙare, kai ya fara sarawa. Sai ta kira ana tsakiyar taron safe, shi kuma garin sauri ya danna lasifika.

"Kai, injin naka ne ya mance da ni, ko kai ka ce masa uwarka ta warke?"

Injiniya ya sa lambar Inna ya yi gwaji a gaban kowa. Marigayin bai ɓata lokaci ba, ya yi furucinsa na ƙarshe cikin natsuwar da aka san shi da ita: "An kai saƙo." Nan Injiniya ya ji kunya da tsoro sun haɗu masa, don ya san ba Inna kaɗai ke jira ba. A yinin aka gyara ƙofar, asibiti kuma ya bi sauran marasa lafiya da kira.

Marigayin ya bar gwaje-gwaje marayu masu yawa, duk a jajaye. Ya bar ƙaninsa, mai aika imel na bogi, wanda shi ma an ji ya fara tari. Ya bar magaji, wanda mai gwaji ta rubuta, yaro marar kunya da kan ce ba a kai ba idan ba a kai ba. Har yau Injiniya bai gaisa da shi ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin bayan taron safe, a babban allon ɗakin taro. Injiniya ne zai goge fayil ɗin da hannunsa, mai gwaji za ta tsaya shaida, don an taɓa kama shi yana ɓoye kwafi. Za a karɓi ta'aziyya a teburinsa da ke kusa da taga, sai dai masu zuwa su yi haƙuri, ba za su same shi ba. Inna ta ce ita da saƙon waya haihata-haihata: daga yanzu duk ranar ganin likita shi zai zo ya ɗauke ta da kansa, ya riƙe mata jaka, ya bi mata layi. Allah ya ba shi haƙurin rashi, ya kuma ba shi benci mai inuwa.