Ranar da Na Zama Kabon

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗaga ni sama a gaban mai ba ni maki ba. Lokacin ina koyon koyarwa a wata sakandaren maza a Rogo, kullum daga Karaye nake tasowa. Ranar ce malamar kwalejinmu, wata Hajiya da ba a cika ganin haƙoranta ba, za ta zauna a ajina ta auna ni. In na faɗi, sai na maimaita shekara.

Darasin balensi ne, wato yawan hannayen da kowane sinadari ke miƙawa ya kama ɗan'uwansa. Na zo da wata dabara da nake ji da ita (tun a hanya nake yi wa kaina kirari). Na rataya jadawalin sinadarai a allo na ce, "Ku duba gidan da kowa yake, shi zai gaya muku hannunsa. 'Yan rukuni na ɗaya hannu ɗaya, na biyu hannu biyu. Oksijin yana na shida, saura biyu ya cika takwas, don haka hannunsa biyu. Na ƙarshen nan kuwa sun ƙoshi, sun naɗe hannu."

Sai na fito da ɗalibai uku. Ɗaya ya zama oksijin, biyu suka zama haidirojin, kowannensu ya cusa hannu ɗaya a aljihu ya kama oksijin da ɗayan.

"Me muka samu?"

"Ruwa!" aji ya ɗauka gaba ɗaya.

Na saci kallon Hajiya, na ga tana gyaɗa kai. Wallahi daɗi ya kashe ni, kaina ya kumbura.

Nan wani dogo daga baya ya ɗaga hannu. "Malam, kabon fa? Ga shi a rukuni na huɗu, mu kuma hannu biyu gare mu."

Mai hankali alli zai ɗauka. Ni kuwa sai na buga ƙirji. "Ni ne kabon! Hannu biyu, ƙafa biyu. Haidirojin huɗu su fito mu haɗa iskar gas!"

Suka fito har da dogon, ƙarti ne da suka saba da dakon buhun gyaɗa. Ni nufina su ɗan taɓa ni kawai. Kafin in yi bayani sun sure ni sama, hula ta yi nata wuri. Na ƙafar dama kuma bakin wando ya cafka maimakon ƙafa, zariyata (tsohuwa ce, Allah ya sani) ta ce ga garinku nan.

Aji ya kaure da ihu, "Malam ya zama gas!"

Ina reto ina roƙo, "Ku sauke ni, don girman Allah!"

"Malam, in muka saki ai haɗin ya warware!" in ji dogon nan.

Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta sai rawa suke. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, to ƙasar ma ta yi mini nisa.

Bayan an tashi ta kira ni, na je riƙe da ƙugun wando hannu bibbiyu. Ta ce, "Malam, yara sun gane sarai, ka ci. Amma ka nemi igiya kafin ka fita ƙofar makarantar nan."

Har yau ina koyar da balensi, kuma ina fito da ɗalibai. Sai dai duk sinadarin da ya wuce hannu biyu, allo ne ke ɗaukarsa, ba ni ba.