Goyon da Ba Majanyi

"Lafiya lau, mijin banza. Ina gajiya? Ko da yake wace gajiya, ƙato yana zaune yana shafa fenti."

"Sannu da zuwa, amarya mai sanda. Wa ya nuna miki hanya?"

Kaka ce fa ta leƙo ɗakin da jikanta mai zane yake aiki. Ko'ina gwangwanayen fenti. Ga wani ƙaton allo a jingine, ya zana mace da goyo tana murmushi. Washegari za a ɗauka a rataye a asibiti, inda masu jego ke zaman jira.

Kaka ta matso, ta ƙanƙance ido. Sai kawai ta yar da sanda, ta tara hannu biyu a ƙarƙashin allon.

"Ke, lafiya?"

"Tarowa nake! Ɗan mutane zai faɗo!"

"Zane ne fa, tsohuwa."

"Ina majanyi? Zani ɗaya tal, ɗaurin ma a cibiya. Da me yaron ya manne, da yawu?"

"Salo ne. Ke me kika sani? A zamaninku da igiyar guga ake goyo."

"Da ita na goyi ubanka, kansa kamar tulu, bai taɓa faɗuwa ba. Kai ne ka faɗo ta ka, shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Ka zama mai zane. Dubi ƙugun matar nan kamar na zanzaro! Wannan ce ta haihu? Atishawa ɗaya ta karye biyu."

"Masu ilimi sun gani, sun yaba."

"Maza ne ko?"

Ya sosa ƙeya.

"Na sani! To gobe mata hamsin za su zauna gabanta, kowacce da goyonta. Su yi dariya, su ce jikan wa ya yi wannan? A ce nawa. Ni da na goyi tara!"

Ya ja da baya ya ƙura wa allon ido. Wallahi shi ma sai ya ga yaron yana zamewa. Ya ɗauko matashi, ya miƙa mata.

"Goya min in gani, amarya."

Kaka ta duƙa, ta cilla matashin a baya, ta ja zani ta ɗaure tamau a ƙirji, ta cire mayafi ta yi majanyi da shi. Ta yi tsalle ɗaya, gwiwa ta ce ƙas, matashi ko gezau.

"Tsaya haka, kar ki motsa!"

"Zan tsaya. Amma in fuskata za ta shiga, ka mayar min da haƙorana. Duka."

Ya tuntsire da dariya, ya tsoma buroshi a fenti.

"Na ji. Har na zinariya ɗaya zan ƙara miki."