Kuɗin Damina Sun Iso da Rani

Jama'a, yau ina rubutun nan ne ƙafata ɗaya cikin ruwan zafi. Da safe na zame a bakin wata rijiya a bayan Samaru, jarka a ka, ni da ruwan muka isa ƙasa tare. Uzodinma, maƙwabcina mai sayar da kayan babur a unguwar PZ, shi ya ɗaga ni yana dariya.

"Baba Julius, a Sabon Gari aka haife ni, amma ban taɓa ganin mai ba dawa ruwa da jarka a watan Janairu ba. Tsufa ne ko zazzaɓi?"

Na ce, "Ilimi ne, ɗana. Kai dai riƙe mini takalmi."

Ga yadda abin yake. Winifred, 'yar marigayi abokina, gidanmu ɗaya a Muchia. Tana karatun zama dakta, ba ta allura ba, ta gona. Bincikenta a kan ƙuduji ne, ciyawar nan mai kyan fure da ke tsotse dawa tun daga saiwa. Ni da na tsaya a aji huɗu, abin ya burge ni, don na daɗe ina tunanin me ya sa mugu yake yawan zuwa da kyan fuska. Sai ta shuka dawa da damina, ƙuduji ya fito, ta auna, sannan a ba ta digiri. Malamin da ke duba aikinta kuma ya kusa ritaya. In ya tafi ba ta gama ba, ta koma farko.

Tun kafin ruwan fari ta nemi tallafi wurin masu rabon kuɗin bincike, Allah Ya ƙara musu kumatu. Ruwa ya sauka, aka ce Mai Girma Sarkin Sa Hannu ya tafi ƙasar waje taro. Taron me? Taron yadda za a hanzarta bincike. Dawar mutane ta yi kai, aka ce ya dawo amma yana hutun gajiyar taro. Aka yi girbi, aka sussuke, har mun ci tuwon sabuwar dawa.

Ana saura kwanaki Kirsimeti sai ga kuɗi sun faɗo, da sharaɗi: a kashe su nan take, a nuna wa kwamiti dawa kore shar, ko a mayar.

Winifred ta je ofis ta ce, "Ranka ya daɗe, damina ta wuce."

Wakilin Jinkiri ya ɗago daga kan farantin shinkafa ya ce, "'Yata, mu ma mun makara, amma ga shi mun zo. Ita daminar wace ce?"

To, in ba ƙira me ya ci gawayi? Haka muka shuka dawa cikin sanyi, muna jido mata ruwa da jarka. Ta kuwa fito, siririya kamar mai jinya. Ƙuduji dai, da yake shi ba ma'aikacin ofis ba ne, ya san lokacinsa. Ko ɗaya bai leƙo ba.

Yau bayan faɗuwar nan, ina zaune a kan kunyar gonar ina murza ƙafa sai ga motocin kwamiti. Suka fito da manyan riguna suna tsallake taɓo. Babbansu, Garkuwan Alawus, ya duba gabas ya duba yamma.

"Ina ciyawar?"

Winifred ta ce, "Ba ta fito ba, ranka ya daɗe, saboda..."

Bai bari ta ƙarasa ba. "Ba ta fito ba! Kun ji? Tallafinmu ya kashe ƙuduji!"

Aka tafa, aka ɗauki hoto, har da ni da kumburarriyar ƙafata. Nan take ya yi shela cewa tunda dabarar ta yi aiki, daga bana duk kuɗin damina sai rani za a riƙa sakin su.

Yarinya ta dawo gida da yabo cike da kunne, babu abin aunawa ko na ƙwaya. Ɗazu na ga ta tura keken ɗinkin mahaifiyarta shagon Uzodinma ya nemo mai saye, don ta shuka da kanta in ruwa ya sauka, kafin malamin ya tattara littattafansa.

Ku kuma manoma, in kun ga hadari ya haɗo a watan Mayu, ku yi masa magana a hankali ya dakata. Ba a sa hannu ba tukuna.