Ɗan Mitsitsin Akwatin Injiniya Mudassiru

Wani mutum ne a Kaduna, Injiniya Mudassiru. Injiniyan nan ba wanda ya ba shi, shi ya raɗa wa kansa, kuma in ka kira shi Mudassiru zalla sai ya yi kamar da bango kake magana. Ya iya kwamfuta, wannan kam ba mai ƙwace masa. Amma bakinsa ya fi hannunsa gudu nesa ba kusa ba. In ya gyara ɗan abu da safe, kafin azahar labarin ya kumbura, kafin la'asar kuwa shi ne ya ceto kamfanin daga rugujewa.

Kamfanin da yake wa aiki sunansa Sauka Lafiya, na wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Kubura. Manhajar waya gare su, wadda matafiyi zai kama kujerar mota tun yana gida, ya biya, ya je tasha ya tarar da wurinsa. Ma'aikatan duka a falo ɗaya suke zaune a saman bene, manhajar ma a dunƙule take guda ɗaya. In abu ya lalace, sai ka ji an ɗaga murya, "Kai Lurwanu, me ka taɓa?" Lurwanu ya ce, "Au, ni ne, a yi haƙuri." A gyara, a ci gaba da shan shayi.

Ana nan sai Hajiya ta ce akwai taron masana manhaja a Kigali, can ƙasar waje, mutum ɗaya za ta tura, kuma wanda ya je in ya dawo shi ne shugaban sashen fasaha. Kowa ya san tsakanin mutum biyu abin yake, Mudassiru da Zuwaira, wata ƙwararriya mai kaifin baki wadda ba ta taɓa kiransa Injiniya ba sai in tana son tsokana.

Kigali! Gogan naka ya kasa zaune ya kasa tsaye. Jirgin sama dai bai taɓa shiga ba, amma a majalisar unguwarsu ya sha ba da labarin yadda kunne ke toshewa in an tashi. Ya ce a ransa dole ya fito da wani abin da zai rufe bakin Zuwaira. Ya duƙufa kallon bidiyon Turawa har idonsa ya yi ja, ran Litinin ya faɗo ofis da sabuwar kalma.

"Maikirosabis!" Ya buga tebur. "Duk manyan kamfanonin duniya shi suke yi."

Hajiya ta ce, "Wane ne kuma haka?"

"Ranki ya daɗe, yanzu manhajarmu tukunya ɗaya ce. Ranar da ta fashe, kowa da yunwa zai kwana. Ni kuwa zan raba ta ƙananan tukwane. Kama kujera daban, biyan kuɗi daban, jadawalin motoci daban, saƙon waya daban. Kowane yanki da mutanensa. In ɗaya ya mutu, sauran ko a jikinsu!"

Zuwaira ta taɓe baki. "Mu nawa ne duka-duka da za a yanyanka mu? Kuma in an raba, wa zai riƙa haɗa kan yankunan?"

"Su za su haɗa kansu. Ilimi ne mai zurfi, Zuwaira, a hankali za ki gane."

Ita Hajiya abu ɗaya ne ya shige ta: in ɗaya ya mutu sauran na aiki. Don a Sallar da ta wuce manhajar ta taɓa tsayawa cak, direbobi suka yi mata wankin babban bargo a waya, har yau abin na cinta. Ta ce a yi.

Kai jama'a! Washegari sai ga kafinta da katako. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, aka yanka falon nan lungu-lungu. Mudassiru ya kafa doka: ba mai leƙa aikin wani, ba mai ɗaga murya ya kira wani, in kana da magana da wani rukuni ka tura saƙo ka jira amsa. Mutanen da ke cin awara a leda ɗaya suka koma gaisuwa daga nesa. Kowane lungu ya sayi butar shayinsa. In matsala ta taso kuwa, kowa sai ya duba nasa yankin ya ce, "Namu dai lafiya lau," ya mayar da abin sauraro kunnensa.

Matsala kuwa ta taso, ba ɗaya ba. Ashe masu kujera da lambar waya suke gane fasinja, masu biyan kuɗi kuma da lambar tikiti, kuma ba wanda ya gaya wa wani. Yankunan suka koma kamar kurame a kasuwa. Aka ba wasu ƙarti biyu kujera ɗaya a motar Jalingo, saura kaɗan su ba hammata iska. Wata tsohuwa tana zaune a tasha da ƙullin kayanta, motar ko lodi ba ta gama ba, sai ga saƙo a wayarta wai barka da sauka a Sakkwato. Ta ce innalillahi, ita dai ba ta ji an tashi ba.

Maganin abin a fili yake: a tara kowa a zauna a daidaita. To amma tara kowa na nufin a ce Zuwaira ta yi gaskiya, shi kuwa Mudassiru gara ya haɗiyi garwashi. Sai ya zauna shi kaɗai ya ƙirƙiri wani ɗan yanki, tafinta ke nan, mai karɓar maganar wannan ya juya ta yadda wancan zai gane. Sannan ya riƙa bin lungunan nan ɗaya bayan ɗaya, yana rage murya.

"Lurwanu, zo ka ji. Duk kamfanin nan naku ne kaɗai ke ba da matsala. Amma kar ka damu, ku riƙa turo komai ta wajena, ni zan rufa muku asiri. Kar dai wani ya ji."

"Allah ya saka da alheri, Injiniya!"

Haka ya gaya wa masu kujera, haka ya gaya wa masu jadawali. Har Zuwaira, da ke riƙe da yankin biyan kuɗi, sai da ya sa ta yi zaton nata ne ya gaza, ta yi masa godiya tana cizon leɓe. Da yake ba mai magana da wani, kowa ya ɗauka shi kaɗai ake rufa wa asiri. Abu ya daidaita sumul. Duk wani motsi na manhajar nan sai ya bi ta ɗan yankin Mudassiru, kuma wallahi abin daɗi ya yi masa. Tafiyarsa ma ta canza. Ya yi fasfo, ya sayi kwat, ya gaya wa 'yan majalisa su fara faɗin tsarabar da suke so.

Ranar nuna aiki ta zo. Hajiya ta gayyato Alhaji Tanimu, ciyaman ɗin direbobin da ke aiki da su, don ya gani da idonsa cewa abin da ya faru da Sallah ba zai sake faruwa ba. Aka fito da ma'aikata daga lungunansu aka jera kujeru. A bango ga babbar talabijin tana nuna tikitin da ake saye a tashoshi, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, tirin, tirin.

Mudassiru ya riga ya shirya wasansa. Ya zana yankunan a farin allo, kowanne cikin akwati da sunan masu shi. Akwai wani yanki da ba ya komai sai tura wa fasinja "Allah ya kiyaye hanya" in mota ta tashi, ko an kashe shi ba abin da zai girgiza. Shi ya zana ƙato, da jan alƙalami, a tsakiyar allo, yadda ido zai fara sauka a kansa. Nasa kuwa da farko ya so ya bar shi bai zana ba. Amma a ce allo ya cika da sunaye babu na Injiniya? Zuciyarsa ta ƙi. Sai ya zana shi ɗan mitsitsi can a kusurwar ƙasa, ya rubuta sunansa da manyan baƙi.

Ya gyara kwat, ya yi gyaran murya, ya zuba Turanci har Ciyaman ya fara hamma. Sannan ya miƙa wa Hajiya sandar nuni.

"Ranki ya daɗe, ba na son dogon surutu. Zaɓi duk akwatin da kika ga dama, a kashe shi yanzu a gaban Ciyaman. In tikiti ɗaya ya tsaya, a daina kirana Injiniya!"

"Kowanne?"

"Kowanne! Rufe ido ma ki nuna."

Hajiya ta tashi, sanda ta nufi jan akwatin nan kai tsaye. Mudassiru baki har kunne.

"Wannan ƙaton me yake yi?"

Lurwanu ya ce, "Namu ne, Hajiya. Shi ke tura wa fasinja Allah ya kiyaye hanya."

Ta janye sandar da sauri kamar ta taɓa wuta. "A'a, a'a! Mutum na kan hanyar Birnin Gwari in kashe masa addu'a? Ba da ni ba."

Ciyaman ya ce, "Gaskiya kam, Hajiya, a bar wannan."

Sanda ta yi ta yawo a allo. Na kuɗi, ta ce ba ta wasa da shi. Na kujera, ta ce kar a sa mutane faɗa. Can ta sunkuya, ta ƙanƙance ido.

"Wannan ɗan mitsitsin fa?"

Mudassiru ya yi saurin cewa, "Wannan... ai nawa ne, ranki ya daɗe. Ba ya wani aiki. Ɗan share-share ne kawai."

"To madalla! Wanda ba ya komai ai shi ya kamata a kashe, ba a ɓata wa kowa ba. Kashe shi."

"Hajiya, ai ya yi ƙanƙanta da yawa. Ba zai nuna wa Ciyaman ƙarfin tsarin ba. A samu dai babba."

Ciyaman ya ce, "Injiniya, kai fa ka ce kowanne. Da kunnena na ji."

Zuwaira ta ce, "Ko hannunka na ciwo ne, Injiniya? Kawo in danna maka."

Gumi ya keto masa ta cikin kwat. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya yi addu'a a ɗauke wuta ko da na minti ɗaya ne, wutar da kullum sai an ɗauke, ranar ta zauna daram. Ya miƙa yatsa ya danna. Ƙit.

Talabijin ta yi tirin sau ɗaya, ta yi shiru.

"Hutawa take yi," in ji Mudassiru. "Haka tsarin yake."

Bai rufe baki ba wayar Ciyaman ta ɗau ruri. Da ma shi a bayyane yake amsa waya, kowa na ji. Wani ɗan kamasho ne daga tasha yake ihu: "Ciyaman, abin nan ya mutu! Ba kujera, ba tikiti, ba komai! Fasinjoji sun yo kaina!" Kafin ya kashe, ɗaya wayar tasa ta kama. Ta Hajiya ma ta kama. Falo ya kaure kamar gidan biki.

Hajiya ta juya ga ma'aikata. "Masu kujera, me ya samu naku?"

"Namu lafiya lau, Hajiya. Amsar yankin Injiniya yake jira."

"Masu jadawali?"

"Namu ma ƙalau. Na Injiniya yake jira."

Lurwanu ya miƙe tsaye, ido waje. "Au, ku ma ta wajensa kuke bi? Ai cewa ya yi mu kaɗai ne matsalar kamfanin nan!"

"Mu ma haka ya ce mana!"

Zuwaira ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Ni da na yi ta zargin kaina, har godiya na yi wa mutumin nan!"

Mudassiru ya duƙufa kan kwamfuta zai kunna abinsa, ya rubuta kalmar sirri ta ƙi, ya sake ta ƙi. Ciyaman na tsaye a kansa da waya a kowane kunne yana cewa, "Ku ba su haƙuri, ga Injiniyan nan yana fama." Da ƙyar da jiɓin goshi abu ya tashi. Tirin. Tirin. Ba wanda ya tafa.

Hajiya ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Ashe tukunyar tana nan guda ɗaya. Mutanena kawai ka yanyanka." Ta ce a kira kafinta gobe ya kwashe katakon nan, kowa ya dawo ya zauna a gyara abin tare.

Ai ka ce mutum zai yi shiru ya lallaɓa ya zauna. Ina! Mudassiru ya share gumi, ya ƙaƙalo murmushi.

"Ranki ya daɗe, amma dai ko ba komai, yau kin ga muhimmancina a kamfanin nan."

"Na gani ƙwarai, Injiniya. Zuwaira, kina da fasfo?"

"Ina da shi, Hajiya."

Mudassiru ya yi wuƙi-wuƙi. "Hajiya, Kigalin fa? Na riga na gaya wa mutanen unguwa..."

"Kigali? In ɗauki mutumin da duk kamfanina ke rataye a wuyansa in sa shi a jirgi? Ai kai da kujerar nan mutu ka raba, sai ranar da aka kwance ƙullin da ka yi."

Ciyaman ya soka wayoyinsa a aljihu, ya dafa kafaɗarsa. "Kuma don Allah, Injiniya, ko banɗaki za ka, ka daure ka bari motocin Sakkwato su tashi tukuna."