Ranar da Kwalta Ta Biyo Ta Gidana

Shekara da shekaru ina biyan harajin moto, wato babur ɗina, ina gunaguni, hanyarmu ta Korgom kuwa yashi zalla. Ran nan na dawo gona, sai ga lamba rubuce a katangata. Na ce shi ke nan, kwalta za ta biyo ta nan, harajina ya dawo gida! Kafin la'asar na rushe katangar da hannuna, don kada in ɓata wa gwamnati lokaci. Har shayi na dafa wa maƙwabta.

Matata ta dawo daga biki, ta riƙe haɓa.

"Malam, masu rabon gidan sauro ne fa suka rubuta!"

Awakin unguwa ne suka fara bin hanyar da na buɗe. Har yau in na nufo majalisa sai a miƙe: "Ranka ya daɗe, Ministan Hanya!"